Ba-Zama da Ƙofar Rediyo

Duk layin ba wanda ya taɓa ganinsa zaune har shayinsa ya huce. A tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a shago ɗaya a waje, yana hura kofi yana leƙen titi kamar wanda mota za ta bari. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Ba-Zama, sunan kuma ya bi shi har furfura ta cinye kansa.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai wankin hoto da mai sayar da maɓallai, kuma shekara arba'in da ɗoriya ya yi a ciki yana yaƙi da abu guda, wato ƙara. In keke ya yi kuka, a wurinsa ciwo ne. In ƙofa ta yi ƙiƙ, ji yake kamar an zage shi. Yana da wani ɗan gwangwanin man keke mai dogon baki da ba ya barin aljihunsa, har ya yi wa duk rigunansa tabo a wuri ɗaya. An taɓa ganinsa a gidan rasuwa, ana tsakiyar gaisuwa, ya sulale ya ɗiga wa ƙyauren masu makoki mai. Ya je asibiti dubiya, ya ƙare a tsugune ƙarƙashin keken wani majiyyaci da bai ma san shi ba. Hali zanen dutse ne.

Matarsa tela ce, kuma Tela kowa yake ce mata, har shi. Kekenta ne ya haɗa su. Ya zo gyara, ya gama a minti goma, ya ƙi zama ya sha ruwa, ita kuwa ta ce a ranta sai ta ga abin da zai zaunar da wannan bawan Allah. Takan ce wa ƙawayenta, "Ni fa ba miji na aura ba, guguwa na aura. Sai dai in ga inda ta wuce."

Abu ɗaya ne ya taɓa iya masa. Gidan rediyon garin yana da wani wasan kwaikwayo na ƙauye mai suna Gidan Ƙarshen Hanya, ana saka shi kullum ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Labarin wani tsohon manomi ne mai taurin kai, da ƙaninsa mai son banza, da malamar asibiti mai yawo a babur, da wani jaki da ya fi su duka hankali. Ba a buɗe wasan da kiɗa. Zakara zai yi cara, guga ya faɗa rijiya, sai ƙofa. Kai, ƙofar nan! Kuka take yi mai tsawo, siriri, ta ɗan sarƙe a tsakiya kamar mai shaƙuwa, sannan ta sauke murya ƙasa. Daga nan tsohon manomi zai ce, "To, gari ya waye, saura aiki."

Huɗu da kwata Ba-Zama yake rufe shago. Kafin zakara ya yi cara yana gida, Tela ta ɗauke ƙafa daga kan keke, ta tura masa kofi. Ƙofa na yin kuka sai ya yamutse fuska.

"Wannan ƙofa, da za a ba ni ita na minti biyu!"

"Allah ya tsare ta daga hannunka," in ji Tela.

Haka suke faɗa kullum, har shekara ashirin da uku, ba wanda ya gaji. Kuma tsawon rabin awar nan yana zaune. Ƙafarsa tana rawa, hannunsa yana juya murfin gwangwani, amma yana zaune.

Tela ce ta fara tara kayan wasan. Gidan rediyon yakan ba masu aiko wasiƙa kyauta, ita kuwa ta taɓa cankar wanda ya sace akuyar ƙanin manomi, aka aiko mata da kofi mai hoton jakin. Bayan shi akwai tire, akwai tawul, akwai kalanda da mafici da agogon bango, duk da sunan wasan a jiki. Da mai fitowa a tsohon manomi ya rasu, aka daina wasan, aka sa wasu samari masu surutu a madadinsa, sai Ba-Zama ya rasa inda zai sa kansa da ƙarfe huɗu da rabi. Kwana uku ya gwada zama, bai iya ba. Ran na huɗu ya fita, ya dawo da tire.

Daga nan fa abin ya zame masa aiki na biyu. Ya bi 'yan gwanjo rumfa-rumfa. Ya shiga ɗakunan girkin mutane da sunan gaisuwa, idonsa a kan kanta. In ya ga kofin wasan a gidan da aka kira shi gyara, ba ya karɓar komai sai kofin, ko da da shi ake ɗebo toka. Komai ya kawo sai ya wanke, ya goge, ya sa mai a inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya liƙa 'yar takarda mai ɗauke da inda ya samo shi. Falo ya cika: kofi goma sha ɗaya, tire shida, agogo uku da duk suke tafiya daidai da juna, kalandun shekarun da ba za su dawo ba. 'Yarsu ta fari, wadda ake ce wa Nas saboda aikinta, duk zuwan da za ta yi sai ta yi tsaki.

"Baba, baƙo ya zo a ina zai zauna? A kan jaki?"

Muryar wasan ce kawai bai samu ba. Ya je gidan rediyon ya fi a ƙirga, a ƙarshe wani ma'aikaci ya tausaya masa ya gaya masa gaskiya: faya-fayan duk an ɗauki wasu shirye-shirye a kansu tun da daɗewa. Ko atishawar jakin ba ta saura ba.

Ana haka kunnen Tela ya fara. Na hagu ya tafi a hankali, ba sallama. Jiri ya biyo baya, har ya zama in ta miƙe ɗaki juyawa yake da ita, dole ta rufe keke da mayafi ta koma kwanciya. Nas ta kai ta wurin likita, ta dawo ta tare ubanta a bakin ƙofa, don a nan kaɗai ake samunsa.

"Baba, ka tsaya ka ji ni. Kunnen dama ma tafiya zai yi. Likita ya ce watanni ne, ba shekara ba. Duk abin da kake so ta ji, yanzu ne."

Maganar ta doke shi, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Ya shiga ɗaki ya tsaya a kanta yana murza gwangwani.

"Tela, me kike so? Faɗi ko mene ne."

"Ƙofar nan," ta ce. "Da zan ƙara jin ƙofar nan, ƙarfe huɗu da rabi, kamar da..."

Ba ta ƙarasa ba ya riga ya zura takalmi.

Ai kuwa gari ya ga Ba-Zama. Ya nemo tsohon maigadin gidan rediyo, maigadi ya tura shi wurin wata da ta yi musu aikin buga takardu, ita kuma ta tura shi wurin wani direba da ya yi ritaya. A bakin direban ya fara jin labarin Mai Sauti, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a wasan ba, amma shi ne zakara, shi ne guga, shi ne kofaton jaki, shi ne ruwan sama. Yana raye, in ji direba, yana zaune wurin 'yarsa a wani gari mai tafiyar yini guda. Sai da aka yi mako biyu kafin a haɗa su a waya.

"Tarkacen duk suna nan," in ji wata 'yar siririyar murya. "'Yata ta ishe ni in zubar. In kana so zan ba mota ta kawo maka. Ƙarshen wata zan shigo ganin likitan ido, sai in biyo in nuna maka yadda ake sarrafa su."

"Har da ƙofar, Baba?"

"Har da ƙofar. Ka dai kula min da ita."

Ranar da motar za ta iso, tun hantsi yake tasha, ya zaga ta ya fi sau ashirin. Da yamma direba ya sauke masa wani tsohon akwatin ƙarfe, fentinsa ya kaɗe, tsatsa ta ci gefensa, an ɗaure shi da igiya.

"Ina ƙofar?"

"Wace ƙofa kuma, Malam? Abin da aka ba ni ke nan."

Ya leƙa saman mota, ya leƙa ƙarƙashin kujeru, har ya sa aka sauke buhunan wani fasinja. Babu ƙofa. Ya ce a ransa tsufa ne, dattijon ya manta, ko kuwa ya ƙi yarda da direba zai taho da ita da kansa. Ya ɗora akwati a baro ya kai gida, ya ja shi tsakiyar falo, ya yanke igiya, ya fizge murfin da ƙarfi irin na mai gaggawa. Murfin ya yi wani ƙiƙ mai tsinin gaske, har haƙoransa suka amsa.

"Malam?" Muryar Tela ce daga ɗaki. "Malam, mene ne wannan?"

"Wani ruɓaɓɓen akwati ne!" ya ɗaga murya yadda za ta ji. "Bari, yanzu zan yi maganinsa!"

A ciki akwai bokitin ƙarfe da igiya, da kofunan katako biyu, da tire cike da tsakuwa, da tsohuwar lema, da sarƙa, da ƙararrawar keke, da takalmi ƙafa ɗaya. Ya jera su a kanta. Sannan ya juyo kan akwatin, don ba zai iya kwana gida ɗaya da irin wannan kuka ba. Ya fita ya sayo kananzir. Ya jiƙa mahaɗan murfin, ya bi su da burushi, ya kankare da sanfefa har ƙarfen ya yi fari, ya ɗiga mai, ya buɗe ya rufe, ya ƙara ɗigawa. Kafin awa guda murfin yana hawa yana sauka shiru kamar fatar ido. Aiki ya yi kyau, gaskiya. Ya goge hannu yana jin daɗin kansa, ya tura akwatin lungu ya zuba tsofaffin kalandu a ciki.

Kwana goma sha biyu ya rage ƙarshen wata, kuma wayar Mai Sauti ta ƙi shiga. Ba-Zama bai yi kwana ɗaya bai je tasha ba, ko Allah zai sa ƙofar ta biyo wata motar. Ya fita da safe, ya leƙo da rana ya tambayi Tela jiki daga bakin ƙofa, ya sake fita. A kwanakin nan ta fara juyo da kai gaba ɗaya in ana mata magana, tana kallon leɓen mutum.

"Baba, jiya sau uku ta yi maka magana kana kallon titi," in ji Nas.

"Ai don ita nake yi."

"Na sani. Ita ma ta sani. Amma kunnen ba ya jiran mota."

Mai Sauti ya iso wata Laraba da rana tsaka, ɗan ƙaramin tsoho da sanda, an rufe masa ido ɗaya da auduga. Tela tana barci, Ba-Zama ya ja mata ƙofa don yana so abin ya zo mata ba zato. Tsohon bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya bi kanta yana shafa kayansa ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida 'ya'ya. Ya kifa kofunan katako a kan tire mai tsakuwa, ya ɗan buga, sai ga jaki yana tafe a falo, har da ɗingishinsa. Ya buɗe lema ya yayyafa mata ƙananan tsakuwa, ruwa ya sauko. Ba-Zama ya kasa haƙuri.

"Baba, ƙofar fa? Direba ya ce ba ka ba shi ba."

"Na ba shi mana. Ina akwatin?"

"Akwati kuma?"

"Akwatin da kayan suka zo a ciki. Kana zaton ƙofa ake shiga da ita ɗakin ɗaukar murya? Wurin ko mutum uku ba ya ɗauka. Jawo shi ka sha kallo."

Ba-Zama ya jawo akwatin, ya kwashe kalandu. Tsohon ya jingine sanda, ya durƙusa, ya danne gefen akwatin da gwiwa ɗaya, ya kama murfin da yatsu biyu.

"A hankali ake yi," ya ce. "In ka fizga, ƙiƙ kawai za ta yi maka, ba za ka gane ta ba. Sai ka lallaɓa ta. Saurara."

Ya ɗaga murfin a hankali. Murfin ya tashi har ƙarshe, ba a ji komai ba sai agogo uku da ke bango. Ya rufe, ya gyara gwiwa, ya sake. Shiru. Ya kai yatsa bayan akwatin ya shafa, ya kawo hanci ya shinshina.

"Man keke," ya ce.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Zama ya yi a ƙasa, ya ce akwatin na mahaifiyarsa ne, a ciki take ajiye zannuwa, tun yana yaro yake jin kukan. Shekara ashirin da uku ya hana kowa taɓa shi a wurin aiki. Wata mai shara ta taɓa nufo shi da tsumma, saura kaɗan a raba su.

"Tsatsar nan ta girmi 'yarka, ɗana. Ban ga laifinka ba, nawa na gani, da ban tambaye ka sana'arka ba."

Garin gyaran gira ke nan an rasa ido. Ba-Zama ya raka tsohon mota bai san me ya ce masa ba, ya dawo ya hau gyaran ɓarna. Ya wanke man da kananzir, ya wanke kananzir da sabulu. Ya zuba wa mahaɗan ruwan gishiri ya shanya a rana, ya cusa musu yashi da toka, ya bar akwatin a tsakar gida ruwa ya yi masa duka biyu. Bayan kwana biyar ya durƙusa ya danna gwiwa ya ɗaga a hankali, akwatin ya yi masa wani gurnani kamar kwaɗo. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kashe tsatsa, ga shi yana roƙonta ta dawo, ta ƙi.

Sai ya shiga bin ƙofofi. Ya ce duk faɗin unguwar ba za a rasa mai irin muryar ba, in ya samu ya cire ta ya kawo, ya saka wa mai gidan sabuwa. Ya tura ƙofar mai wankin hoto, shiru. Ta mai maɓallai, shiru. Ta makarantar yara, ta kantin magani, ta gidan da aka yi rasuwar nan, duk shiru, sumul, ba gardama. A ƙofa ta tara ya tsaya da hannu a kan mariƙi, don ya gane dalili. Duk shi ya bi su da gwangwani, ɗaya bayan ɗaya, tun yana da baƙin gashi.

Ya juyo gida da ƙafa, a hankali, abin da layin bai taɓa gani ba, har mai maɓallai ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya. Ya wuce kofuna da tire da akwatin, ya tura ƙofar ɗaki. Tela tana jingine da filo, idonta biyu. Yanzu ba ta ji daga bakin ƙofa, dole ya matso ya sunkuya daidai kunnenta na dama. A sunkuye ya gaya mata komai, bai rage ba.

"Na ji ta," in ji Tela.

"Kin ji me?"

"Ƙofar. Ranar da ka kawo akwatin. Gajeriya ce, amma ita ce, ai kunnen tela ba ya manta kukan ƙarfe. Na matsar da filo na gyara maka wuri, na ce yanzu zai shigo ya zauna. Sai na ji ka ce za ka yi maganinsa."

"To me ya sa ba ki hana ni ba?"

"Na kira ka. Ka riga ka fita sayen kananzir."

Ba ta ɗaga murya ba, amma akwai ɓacin rai na shekaru a ciki, kuma ba ta ɓoye shi ba.

"Malam, ni me zan yi da ƙofa? Ka taɓa ganin na damu da manomi da jakinsa? Ita kaɗai ce na ga ta iya zaunar da kai, shi ya sa nake sonta. Rabin awa nake samunka a rana. Tun da aka daina, ka cika min falo da kofi goma sha ɗaya, ba ka sha shayi da ni a ko ɗaya ba. Ranar ma abin da zan ce ke nan, kana sa takalmi."

Gwiwoyinsa ne suka gaji da sunkuyo, ko kuwa maganar ce, sai ya ji ya zauna a bakin gadon. Gadon ya yi kuka. Gadon ƙarfe ne da Nas ta kawo tun farkon jirin, wata uku ke nan, kuma sai yau ya san yana kuka, don bai taɓa zama a kai ba. Kafin ya ankara hannunsa ya kai aljihu, har ya taɓa bakin gwangwani.

Tela ta cafke wuyan hannun, da ƙarfin da bai san tana da saura ba.

"Kul. Wannan nawa ne, ka bar min shi. Shi har yanzu ina jinsa."

Ya saki gwangwani. Daga falo agogo uku suna ta tafiya, huɗu da rabi ta ɗan gota. Ƙafarsa ta fara rawar da ta saba, gadon ya amsa, ƙiƙ, ƙiƙ, ƙiƙ. Ya yi maza ya danne gwiwar da tafin hannu don ta tsaya.

"A'a, bar ta ta yi," ta ce, ta lumshe ido, ta juya kunnen dama wajen ƙarfen gadon. "Kai da ba ka rasa motsi. In ya yi shiru zan ɗauka ka fita."

Ya ɗauke hannu daga gwiwar, ya bar ta tana rawa.